Sunan Yankan Dela

Salt Lake, Amurka
Watan Yuni

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna Shatu da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka, yaya kuma damina? Maigida yana gaishe ka, karatunsa na tafiya daidai. Abin da Inna Shatu ta gaya maka game da ni gaskiya ne, jikin ya fara nauyi, ana sa ran wajen kaka in Allah ya kai mu.

Ga shi na rubuto kamar yadda ka ce, tunda ka rantse maganar waya ba ta shiga kunnenka. Na tura wa mai shagon kwamfuta na Roni, na roƙe shi ya fitar maka da ita da manyan baƙaƙe.

Baffa, wata buƙata gare ni. Kwanaki na shiga gari, jiri ya ɗebe ni a bakin wani babban gini, sai wata Sista ta tare ni, ta shigar da ni ciki, ta zaunar da ni ta ba ni ruwa. Sista Etim ake ce mata. Tun daga ranar ina yawan komawa wajenta. A cikin tambayoyin da ta yi mini har da sunan mahaifiyata. Na ce Dela. Ta ce shi ke nan sunan?

Ka san na buɗe ido ban gan ta ba, kuma kowa Dela yake cewa, don ta zo bayan maza. Ban taɓa tambayar sunanta na yanka ba, ba kuma wanda ya taɓa gaya mini. Wallahi kunya ta kama ni. Don Allah ka taimake ni da sunan, ina buƙatarsa kafin lokaci ya yi.

'Yarka,
Saude

Roni
Watan Yuni

Saude 'yata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, ruwa ya sauka, an yi shuka, gero har ya fara leƙowa. Ki gaishe da maigidanki Nafi'u.

To, kin kusa kashe mu da ranmu. Ina karanta wa Shatu takardarki, na zo kan jiri ta ajiye ludayi, na zo kan Sista ta dafe ƙirji. Da na karanta an tambaye ki sunan uwa, sai salati. Ki gaya mini, a nan wa ke tambayar sunan uwar mutum in ba malamin da zai yi wa majinyaci addu'a ba? Sannan kika rufe da "kafin lokaci ya yi". Lokacin me? Kafin la'asar gidan nan ya cika da masu jaje, an ce kina kwance a asibitin Turawa, ma'aikaciyar jinya na neman sunan uwarki. Har sadakar waina Shatu ta yi, yaran unguwa suka ci banza.

Ta kira ki a waya, abin da ta tsinta kafin layin ya yanke dariyarki ce kawai, da cewa wai Sistar ba ta allura ba ce. To ta mece ce? Ni dai a sanina sista ita ce mai farin kaya a asibitin Kazaure, wadda ke yi wa mutum tsawa in bai sha magani ba. Ki yi mini bayani dalla-dalla, kin san ni da son jin ƙwaƙwaf.

Batun suna kuwa, na yi ta juya kaina ban samo komai ba. Lokacin da ƙanena Lado ya auri mahaifiyarki ina malamin gona a Babura, motar da na hau ta lalace, na iso an riga an shafa fatiha. Shi kuwa Lado, Allah ya jiƙansa, ko ɗaure shi aka yi ba zai kama sunan matarsa ba. Yayyenta maza biyu sun rasu, na ukun ya bi shanu ya tsallaka Nijar, ba mu da labarinsa. Saura kakarki Nenne, a rugarsu ta bayan Gwiwa. Ranar kasuwa zan hau acaɓa in je.

Baffanki,
Muhammadu Lawal

Salt Lake
Watan Yuli

Zuwa ga Baffana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Lafiyata ƙalau, a ba Inna Shatu haƙuri, Allah ya karɓi sadakar waina. Lokacin da nake nufi lokacin suna ne. An duba an ce mace ce, ni da maigida kuma mun yi shawarar a mayar da sunan mahaifiyata. Ka ga ai ba a raɗa wa yaro laƙabi.

Sista Etim 'yar mishan ce, ta wani coci da ake kira Mormon. Garin nan su suka kafa shi, a tsakiyarsa kuma akwai babban filinsu mai haikali da lambuna, inda baƙi ke zuwa kallo daga ko'ina. Aikinta ta tarbi baƙi, ta zagaya da su, ta amsa tambayoyinsu. Duk 'yan matan da ke wannan aiki Sista ake kiransu, samarin kuma wai Dattijo. Baffa, na ga dattijon da ko gemu bai fara ba!

Abin da ya haɗa mu, ta ji ina salati da jirin ya ɗebe ni, sai na ji an ce, "Sannu, ka zauna a nan." 'Yar Akwa Ibom ce, amma a Sabon Garin Kano ta tashi. Hausarta irin ta can ce, har yau namiji take mayar da ni, na gaji da gyara mata. Ka san daɗin da na ji? Rabona da jin Hausa a bakin mace ba ta waya ba tun da na baro gida.

Rayuwarsu abin kallo ce. Shekara ɗaya da rabi take yi a wannan aiki, ba albashi, ita da danginta suka ɗauki nauyin zuwanta. Ba ta taɓa tafiya ita kaɗai, kullum tana tare da abokiyar aikinta, wata doguwa 'yar wani tsibiri, ko kanti za su tare suke zuwa. Da sassafe suke tashi su yi addu'a da karatun littafinsu, sannan su wuni a tsaye suna murmushi, ko da baƙon ya zo da neman faɗa. Rana ɗaya a mako suke wanki da gaisawa da gida. Ba sa shan giya, ba sa shan taba, kuma ka riƙe kujerarka da kyau, ba sa shan shayi. Suna azumi sau ɗaya a wata, abincin da ba su ci ba su bayar da kimarsa ga mabuƙata.

Akwai wani ɗan baƙin bajo da take maƙalawa a ƙirji, da tutar Najeriya a ƙasansa. Etim ɗin da ke jiki sunan gidansu ne. Na tambaye ta nata na kanta, ta yi dariya ta ce ta ajiye shi sai ta gama aiki. Ko Mormon ɗin ma ta ce laƙabi ne mutane suka liƙa musu, sunan cocin na ainihi dogo ne.

Mutane ne masu son sanin asali. Suna da wani gini cike da kwamfutoci, kowa na iya shiga ya nemi kakanninsa. A can ta nuna mini nata, suna bayan suna har kakan kakanta, sannan ta juyo ta tambaye ni nawa. Ka ji inda maganar ta samo asali.

Ta taɓa yi mini tayin littafinsu, na ce na gode, ina da nawa. Ba ta sake ba. Rannan ma da la'asar ta riske ni a can, ita ta samo mini lungu na yi salla, tana tsaye tana tsare mini jaka.

'Yarka,
Saude

Roni
Watan Yuli

Saude,

Muna lafiya, ana ta noman farko, gyaɗa ta yi kyau bana. Na karanta takardarki har sau biyu. Mutum ya wuni a tsaye yana yi wa baƙi magana ba ko kofin shayi? Lallai yarinyar nan da gaske take. Ki tambayar mini ita, in abokiyar tafiyar tata ta ɓata mata rai, ina take zuwa ta huce?

Mun je Gwiwa ni da Shatu. Nenne ta tsufa ƙwarai, Saude, idon ya yi rauni, amma hankalinta garau. Ta sa aka kawo mana kindirmo, aka gaisa, ta yi ta tambayarki. Da na kawo maganar sai ta ja mayafi ta rufe baki.

Ta ce, "Malam, ai ka zo da babbar magana. Sunan uwar mijina aka sa wa yarinyar nan. Matar da na zauna a gabanta ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba, yau tana kwance a kabari in kama sunanta?"

Na ce, "Nenne, jikarki ce ke nema."

Ta ce, "Ko wa ke nema. Bakina bai san hanyarsa ba."

Shatu ta ce bari ta yi dabara, ta shiga jero sunaye, wai in an zo kansa Nenne ta gyaɗa kai kawai. Zara? Hafsatu? Jannatu? Tsohuwa ta dube ta ta ce, "Nonon bai yi muku tsami ba ko?" Haka muka dawo.

Yanzu ga wata magana, kuma ina so ki karanta ta da hankali. Na biya ta Kazaure wajen abokina Malam Jalaluddeen, wanda ya koyar da tarihi, na ba shi labarin Sistarki don mu yi dariya. Bai yi dariya ba. Ya ce ya karanta cewa mutanen nan suna tara sunayen matattu ne don su yi musu wankan shiga addininsu, wani mai rai ya shiga ruwa a madadin mamacin. Saude, Dela ta rasu da kalmar shahada a bakinta, Shatu na riƙe da hannunta. In sunan nan zai fita daga rugar Gwiwa ya faɗa cikin kwamfutar wasu, gara ya zauna inda yake. Ba na zarginki da komai, amma ba zan sake taka ƙafata wajen Nenne ba sai na ji gaskiyar wannan batu.

Baffanki,
Muhammadu Lawal

Salt Lake
Watan Agusta

Zuwa ga Baffana,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ni dai da sauƙi, sai kumburin ƙafa.

Takardarka ta sa ni kuka, ba zan ɓoye maka ba. Amma na ga gaskiyarka, don haka na shirya na tafi na same ta. Na jira ta sallami wasu baƙi, na tambaye ta kai tsaye, ba kwana-kwana.

Ba ta musa ba. Ta ce, "Gaskiya ne, muna yi. Ni da kaina na yi wa kakata." Ta ce a imaninsu zumunci ba ya yankewa a bakin kabari, kuma mamacin yana da zaɓi ya karɓa ko ya ƙi. Ta ce mahaifinta ya rasu tana 'yar makaranta, kuma wannan imanin ne ya hana ta zaucewa, shi ne ma ya kawo ta nan take tsayuwar da take yi. Tana faɗa idonta ya kawo ruwa.

Na ce mata mu namu matattun addu'a muke bin su da ita da sadaka, kuma mahaifiyata ta tafi a kan addininta, ba ta buƙatar wani wanka bayan wanda aka yi mata. Ta ce ta ji, kuma ƙa'idarsu ita ce mutum ya kai sunan danginsa, ba na dangin wasu ba. Sannan ta ce, "Kar ka rubuta shi a wurinmu. Kar ka faɗa mini ma in ba ka so. Amma ka nemo shi, don yaronka."

Baffa, ban san zuciyar kowa ba, amma na san tawa. Ba kwamfuta zan kai sunan nan ba. So nake a raɗa shi a kunnen jikarka, in na ɗaga hannu ina yi wa mahaifiyata addu'a kuma in san wadda nake nufi da sunanta. Nenne ce kaɗai ta rage, kai ma ka ce ta tsufa. In ta tafi da shi, shi ke nan.

Tambayarka kuwa na isar. Ta ce in abokiyar tata ta ɓata mata rai, banɗaki take shiga ta rufe ƙofa, nan ne kaɗai ba a bin ta.

'Yarka,
Saude

Salt Lake
Watan Satumba

Baffa,

Ina gaisuwa. Shiru ya yi yawa. Na kira Inna Shatu ba ta shiga, mai shagon kwamfuta ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu tun tuni, ka karanta a gabansa ka ninke ba ka ce komai ba.

In fushi kake da ni ka faɗa mini. Ban bar sallata ba, ban bar komai nawa ba. In ka ce in daina zuwa wajen Sista Etim zan daina, ko da yake ita ce ke tambayata ko na ci abinci a garin nan. Likita ta ce abin ya matso. Maigida ya ce in sunan bai samu ba a sa na mahaifiyarsa, na ce to, amma raina bai so ba.

'Yarka,
Saude

Roni
Watan Satumba

Saude 'yata,

Kowa lafiya yanzu, alhamdu lillahi. Fushin me? Ke dai akwai saurin kuka, tun kina ƙarama. Ban ce wa mai shago komai ba ne don ba da shi nake magana ba. Amsarki ta gamsar da ni, ita ma yarinyar ta burge ni da ba ta yi miki ƙarya ba. Addininta nata, namu namu.

Abin da ya faru, washegari na tafi Gwiwa na tarar da Nenne a kwance, zazzaɓi ya kama ta sosai, ba ta ma gane mutane. Muka ɗauko ta zuwa asibiti a Kazaure. A can muka tare ni da Shatu, wayarta kuma ta faɗa cikin bokitin wanki. Na ga sistoci na gaske har na gode Allah, masu allura da tsawa. Ban rubuto miki ba don ban san abin da zan rubuta ba. Akwai ranar da na zauna a bakin gadon ina kallonta, na ce a raina shi ke nan, tsohuwa za ta tafi da sunan, ni kuma na ɓata lokaci ina bincike. Ban ji daɗin kaina ba ranar.

Allah ya tashi kafaɗunta. Muka kawo ta gidanmu ta ƙara murmurewa. Shatu ta gaya mata dalilin neman sunan, cewa mace za ki haifa kuma Dela za a mayar. Sai ta bar cin tuwon da ke gabanta.

To kin san watan Maulidi muke ciki. Shekaranjiya da la'asar ana karatu a masallacin unguwa, lasifika na kawo mana har tsakar gida. Nenne na kan tabarma, Shatu na tsinke zogale, ni ina daga zaure ina jin su. Malam ya zo kan labarin matan makiyaya da suka shigo Makka neman jariran da za su shayar, kowace ta ƙi ɗaukar maraya, sai mace ɗaya mai ramammiyar jaka ta ce ita za ta ɗauka. Sai na ji Nenne ta ce, "Shatu."

Ta ce, "Na'am, Nenne."

"Kin ji matar nan da malam ke faɗa? Wadda ta ba Manzon Allah nono?"

"Na ji ta."

"To, ita ce. Ki gaya wa 'yar Dela."

Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, muna jin kukanta a ciki. Shatu ma ta kama, ni kuma na tashi na fita duba akuya, alhali akuyar lafiyarta ƙalau.

Saboda haka ki buɗe ido ki karanta, ni ba surukata ba ce, zan iya rubutawa. Sunan mahaifiyarki Halimatu Sa'adiyya.

Ragon suna yana nan na ɗaure, a nan za a yanka. Allah ya sauke ki lafiya. Ki gaishe da Sistar da ba ta allura, ki ce wani tsoho a Roni yana tausaya mata rashin shayi.

Baffanki,
Muhammadu Lawal

Salt Lake
Watan Nuwamba

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ni da jikarka, tana shan nono kamar an aiko ta. Mun ga hotunan suna, na ga Nenne a zaune cikin mata da sabon zane. Allah ya saka maka da alheri, ya bar mana kai. Maigida ya yi mata huɗuba da sunan da ka rubuto, ina kwance ina ji. Sanyi ya fara, duwatsun garin nan sun yi fari fat da ƙanƙara, na Kazaure a gabansu 'yan yara ne.

Jiya na naɗe ta cikin bargo na kai wa Sista Etim, don ta kusa gama aikinta ta koma gida. Na isar da saƙonka, ta yi dariya har abokiyarta ta tambayi abin da aka ce. Ta karɓi yarinyar ta rungume, ta daɗe tana kallonta. Sai ta sunkuyo ta ce mini a hankali, "Sunana Idara. Na daɗe ban ji shi a bakin kowa ba." Na kira ta da shi, ta rufe ido.

Sannan ta ce, "Shi fa, yaya sunansa? In ba ka so, kar ka faɗa."

Baffa, ba tsoron kwamfutarsu ba ne, wallahi na yarda da ita, kuma na yi niyyar faɗa. Na buɗe baki, sunan ya zo har kan harshena ya tsaya. Sunan mahaifiyata ne, kuma 'yar fari ce. Ni da na tashe ka zuwa Gwiwa a kan acaɓa da ciwon ƙafa, ni da na yi ta jin haushin Nenne a raina, sai ga ni na ja gyale na rufe baki. Ka duba ma takardar nan, ka ga ko na iya rubuta shi.

Da na ga tana jira, sai na ce mata muna kiranta Ummi. Ta tambaye ni ma'anarsa, na ce uwata ke nan. Ta ce sunan ya yi daɗi, ta miƙo mini ita don wasu baƙi sun iso.

A cikin mota muna komawa gida yarinyar ta farka tana kuka, na ce, "Yi shiru, Ummi, ga ni." Sai da na faɗa na tuna ban taɓa kiran kowa da wannan sunan ba tunda aka haife ni.

A gaya wa Nenne na gane.

'Yarka,
Saude